Inda Lambatun Ya Tsaya

Jiya na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa cewa aikin raya unguwa ai cika takarda ne kawai, a tura Yawunde, babban birnin ƙasa, a zauna jiran kuɗi. Ban tanka masa ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo. Amma tunda an ɗauko ku daga jami'ar Maruwa an damƙa mini ku na wata uku kafin in ajiye aiki, gara ku ji yadda abin yake tun ƙafarku ba ta shiga taɓo ba.

Sunana Isiyaku. Kakannina fatake ne daga Katsina, sun zo Garwa da tufafi suka zauna, har yau 'yan'uwana suna da rumfuna a babbar kasuwa. Ni ne na bi boko har na samu aiki a meri, ofishin magajin gari, a sashen da ke kula da unguwannin talakawa. Gwamnatin tsakiya tana ware wani kaso duk shekara domin unguwannin da ba su da ruwan sha, ko magudana, ko hanya. Mu ne muke shiga unguwa mu zauna da mutane su faɗi abin da ya fi damunsu, mu auna, mu haɗa dosiye, wato fayil ɗin aikin, mu bi shi har kuɗin su sauko, sannan mu tsaya a kan ɗan kwangila har ya gama. Shekara talatin da 'yan kai ina wannan.

Kayan aikina ga su nan a kusurwa, kuna iya dariya. Takalmin roba mai kaiwa gwiwa, igiyar awo, alli, littafi mai bangon leda, da sandar gora da na yi wa zane da wuƙa. Sai tabarma, wadda kullum take ɗaure a bayan babur. Idan ka shiga unguwa za a kawo maka kujera, kuma in ka hau ta, abin da ake gaya wa manya shi za a gaya maka. Ka shimfiɗa tabarmarka tun kafin kujerar ta iso. Sandar kuwa ta awon bango ce. Duk gidan da ke cikin kwari yana da zane a jikin katangarsa, inda ruwa ya tsaya a damina. Mai gida yakan ƙara don a tausaya masa, wani kuma yakan rage don kunya. Katangar kake tambaya. Harshe ma kayan aiki ne. Dosiye da Faransanci ake rubuta shi, taron jauro, wato mai unguwa, da Fulatanci ake yin sa, mahauta da 'yan kasuwa kuma sai ka yi musu Hausa kafin su saki jiki. Wanda bai iya biyu daga cikin ukun nan ba, ya fara koyo daga yau.

Wadda ta koya mini aikin sunanta Madam Astajam, Bafulatana ce 'yar garin Gidar, gajeruwa, ba ta da yawan magana. Shekarata ta farko a hannunta ta hana ni buɗe baki a wurin taro. Ina zaune, ina rubutu. Idan muka fito, a hanya, ba ta tambayata abin da aka faɗa. Sai ta tambaye ni wane ne bai yi magana ba. In na ce ban lura ba, sai ta ce to gobe in koma in nemo shi.

Aikin da na fara yi ni kaɗai rijiyar burtsatse ce a wata unguwa ta gabashin gari. Na tara mutane a ƙofar jauro, mai unguwar ke nan, aka yi shawara, kowa ya yarda a haƙa a gindin darbejiyar da ke nan ƙofar gidan. Wurin a tsakiya yake, ƙasar tana da kyau, ruwa ya fito garau. Aka buɗe da addu'a, na koma ofis ina jin na iya aiki. Bayan wata guda Madam Astajam ta ce in je in zauna kusa da famfon kwana uku, kar in tambayi kowa komai. Na je. Tun safe har la'asar babu macen da ta zo, sai masu babur da ke wanke babura. Matan unguwar suna wucewa ta bayan gida da bokitai zuwa tsohuwar rijiyarsu mai ruwan laka. A rana ta uku na gane. Gindin darbejiyar nan majalisar dattawa ce, kuma babu matar da za ta zo ta sunkuya tana buga famfo a gaban surukanta. A taron da na yi babu mace ko ɗaya, ni kuwa ban ga hakan wani abu ba. Madam ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na roƙi bulo a wajen wani ɗan kasuwa, muka ja katanga tsakanin famfon da majalisar, muka buɗe hanya ta baya. Tun daga nan ba na rufe dosiye sai na yi taron mata daban, a tsakar gidan wata dattijuwa, da hantsi, bayan an sauke tukunya.

'Yan kwangila kuwa, ku riƙa yawo da ƙusa a aljihu. Na taɓa tsayawa a kan wani ginin makaranta mai azuzuwa biyu, mai aikin yana ta rantsuwa cewa ya zuba siminti yadda takarda ta ce. Na karce bulon da ƙusa, yashi ya zubo mini a tafin hannu. Ban ɗaga murya ba. Na kira shugaban iyayen yara na miƙa masa ƙusar, ya karce da kansa. Washegari aka rushe layi huɗu aka sake. Mutanen unguwa su ne masu aikin, kai ɗan aike ne, kuma abin da suka gani da idonsu ba sa yafe shi.

Aikin da ya fi cin raina shi ne lambatun unguwar bayan mayanka. Unguwa ce ta mahauta da dillalan shanu da masu ƙyafa kifi, tana cikin kwari, gangaren da ke tafiya kogin Binuwai. Duk ruwan da ya sauka a saman gari nan yake taruwa, ya haɗu da abin da mayanka ke zubarwa, ya kwanta a lunguna har mako. Muka tsara babban lambatu na kankare mai murfi, wanda mutanen gari ke ce wa kanibo, daga bakin titi ya ratsa tsakiyar unguwa ya fita rafi. Kuɗin ba za su isa a shekara guda ba, sai aka raba shi kashi uku. Kashi na farko ya tafi lafiya. Ana cikin na biyu, an kai kusan rabi, takarda ta zo daga Yawunde.

Takardar ta ce ana duba yiwuwar soke kason unguwanni gaba ɗaya. Hujjarsu ita ce kuɗin suna watsewa a ƙananan ayyuka da ba a ganin amfaninsu, gara a tattara su a zuba a manyan tituna. An dakatar da sakin komai, kuma wata tawaga za ta zagaya garuruwan arewa, daga Meiganga har Maruwa, kafin a yanke hukunci. Cikin mako guda ɗan kwangilarmu ya loda injin kwaɓa simintinsa a mota ya tafi. Ban ga laifinsa ba, yana da leburori da zai ciyar.

Ga abin da ba a koyarwa a aji. Lambatun da aka bari a rabi ya fi rashin lambatu muni. A da ruwan yana bazuwa ko'ina, kowa ya samu rabonsa zuwa idon sawu. Yanzu kankaren yana tattara shi duka, ya ƙara masa gudu, ya zo ya juye shi a daidai inda ginin ya ƙare. A daidai nan gidan Goggo Ladi yake, wata dattijuwa mai ƙyafa kifi, da gidaje kamar goma a ƙasa da ita. Daminar shekarar ɗakunanta biyu suka faɗi, murhun ƙyafarta ya narke. Yaran lungun suka yi ta fama da gudawa. Mutanen da a da suke tsayar da ni in sha fura, yanzu in na yi sallama sai a amsa ba a ɗago kai ba. Duk da haka ban daina zuwa ba. Bayan kowane ruwa ina nan da sandata ina auna katanga, ina zana alli, ina rubutawa. Ba ni da abin da zan ba su, amma a shekara irin wannan idan ka ɓace, ba ka da sauran fuskar shiga unguwar.

Sarkin Pawan unguwar, Alhaji Garba, shi ne shugaban komiten da muka kafa tun farkon aikin. Mutum ne mai faɗi, mai saurin fushi da saurin huce. Da ya ga gwamnati ta yi shiru, ya tara matasan mahauta da shebur da diga, suka haƙa rami daga bakin kankaren zuwa rafi don ruwan ya samu hanya. Ramin ƙasa ne, ruwa ɗaya yake rufta shi. Idan aka yi ruwa, da sun gama yanka da safe sai su ajiye wuƙaƙe su sake haƙawa. Dillalan shanu suka riƙa kawo buhunan yashi a motocin da suka sauke dabbobi. Ban sa su ba, ban kuma hana su ba.

Da aka sanar da ranar zuwan tawagar, shugaban sashenmu ya tsara musu ziyara. Za a kai su azuzuwan da aka sake wa fenti, da wata rijiya mai aiki da hasken rana, mata su yi guɗa, a ci abinci, a raka su filin jirgi. Ya ba ni aikin sayo fentin. Da yamma na je gidan Madam Astajam, lokacin ta yi ritaya tana kiwon tumaki a bayan gida. Na karanta mata tsarin. Ta ce waɗannan mutanen sun ga fenti a Meiganga, kuma za su gan shi a Maruwa. Wanda aka nuna wa aikin da ya ƙare, in ji ta, zai tafi da tunanin cewa an gama, babu sauran abin da ake jira a wajensa. Sai ta tambaye ni ko akwai wurin da nake jin kunyar a gani. Na ce akwai. Ta ce can zan kai su.

Shugabana ya ƙi, kuma yana da hujja. Ya ce mutanen nan suna neman shaidar cewa kuɗin suna lalacewa, ni kuma ina so in kai su in nuna musu aikin da ya rushe wa tsohuwa ɗaki. Idan suka rubuta haka, ba lambatuna kaɗai zai mutu ba, har kason duk garuruwan. Na ce masa gaskiya ne, hakan na iya faruwa. Kwana biyu muna ja. A ƙarshe ya ba ni rabin sa'a bayan cin abinci, a kan hanyar filin jirgi, ya ce in abin ya ɓaci sunana ne zai hau rahoto.

Alhaji Garba kuma ya so ya tara jama'a da kwalaye su tare titi. Na roƙe shi kar ya yi. Na ce taron jama'a ana iya hayar sa, kuma baƙin sun san haka. Abin da nake so kowa ya zauna a inda ya saba zama, ya yi abin da ya saba yi. Ya yi ta gunaguni, ya ce ni ɗan boko ne mai tsoron hukuma, daga baya ya yarda. Abu ɗaya na nema a wajensa, ya ara mini takalman roba ƙafa uku daga mayanka, a wanke su da sabulu sosai.

Ranar aka yi ruwa tun asuba har hantsi. Shugabar tawagar wata mata ce 'yar kudu, mai gilashi, ba ta jin Hausa ko Fulatanci, tare da maza biyu. Sun ga fenti, sun ci abinci, suna duba agogo. Motarsu ta tsaya a bakin titi don ba ta iya shiga. Na miƙa mata takalmin mahauci. Ta dube shi, ta dube ni, ta cire nata ta sa.

Muka bi ta kan murfin lambatun. Ba na yin bayani mai tsawo a irin wannan wuri. Ƙasa a bushe, ana jin ruwa yana gudu a ƙarƙashin ƙafarmu. Tela ya fito da kekensa ƙofar shago, wata tana suyar awara, an buɗe sababbin shaguna uku da ba su nan kafin aikin. Na nuna mata tsohon zanen ruwa a jikin katangu, ya dushe, har an fara shafe shi da sabon yaɓe. Muna cikin tafiya sai kankaren ya ƙare. Rodi a tsaye sun yi tsatsa, ruwa yana fitowa da ƙarfi kamar an buɗe bakin tanki. Daga nan zuwa ƙasa taɓo ne baƙi da wari, ga matasa cikin rami zuwa cinya suna jefo laka. Na kai ta jikin katangar Goggo Ladi, na nuna mata tsohon zane, sannan na nuna mata allina na bana, wanda ya ɗara shi da fiye da kamu biyu.

Ta tambaye ni da Faransanci ko abin da nake nufi shi ne aikinmu ya ƙara wa waɗannan gidajen wahala. Na ce mata eh, haka ne. Shugabana ya juya yana kallon wani wuri.

Goggo Ladi tana zaune a kan turmi a inda ɗakinta yake a da, tana ɓare kifi. Ba ta tashi ba. Ta tambaye ni ko wannan ce mai kuɗin. Na ce wannan ce za ta kai labari wajen masu kuɗin. Ta goge hannunta a zane.

"Isiyaku, gaya mata ban ce a gina mini ɗaki ba. Ɗakina ni zan gina. Ruwan nan a da na kowa ne. Gwamnati ce ta tattara shi ta kawo mini ƙofa ta ajiye. Ko ta zo ta wuce da shi rafi, ko ta zo ta fasa abin da ta gina, a raba mana shi yadda yake a da."

Na fassara shi kalma da kalma. Wannan ma doka ce, kar ku taɓa sa wa maganar talaka sukari don baƙo ya ji daɗi. Shugabar tawagar ta juya wajen matasan. Can ta nuna ramin ta tambayi wane ɗan kwangila ne ya haƙa shi. Alhaji Garba ya amsa da Faransancinsa na kasuwa, ya ce babu ɗan kwangila, mahauta ne. Ta ce sau nawa suka haƙa. Ya ce bai ƙirga ba, sai dai in za ta tambayi Allah sau nawa ya yi ruwa bana. Ɗaya daga cikin mazan ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta karɓi sandata ta auna katangar da kanta, ta sa aka ɗauki hoto, sannan ta ce tana so ta bi ramin har rafi. Rabin sa'ar ya zama sa'a guda da wani abu. Direba yana ta danna ham a bakin titi. Da za ta shiga mota ta cire takalmin ta ajiye a jere, ta ce a gode wa mai shi. Ba ta yi alkawarin komai ba.

Muka zauna jira har damina ta wuce, aka shiga rani. Shugabana bai ƙara ɗaga maganar ba, ni ma haka. Sai wata safiya ya kira ni ofishinsa ya tura mini takarda a kan tebur. Ba a soke kason ba. An rage shi, kuma an sa sharaɗi cewa sai an kammala duk aikin da aka fara kafin a buɗe sabo. Ba zan ce muku sa'a gudan nan ce ta ceci kuɗin ba. Abokan aikinmu na Gidar da Maruwa sun yi nasu, masu garuruwa sun rubuta, wakilanmu sun yi magana a majalisa. Amma a kwafin rahoton da aka aiko akwai sakin layi guda a kan wani lambatu da ya tsaya a tsakiyar unguwa da mahautan da ke haƙa ragowarsa da hannu. Shugabana ya ja masa layi da biro, ya ce in je in nemo ɗan kwangilar.

Sharaɗin ya zo da nasa nauyin. Akwai wata unguwa a arewacin gari da na yi wa alkawarin rijiya a shekarar, dosiyensu a shirye. Sai da na je na shimfiɗa tabarma na gaya musu su ƙara haƙurin shekara biyu, saboda kuɗinsu za su tafi lambatun mahauta. Wani dattijo ya ce to su ma in sun so a ji su sai sun bari ɗaki ya rufta musu ke nan. Na naɗe tabarmata na tafi. Sun samu rijiyarsu daga baya, amma dattijon bai sha ruwanta ba.

An gama lambatun har rafi kafin daminar da ta biyo. Goggo Ladi ta gina ɗakunanta da bulon siminti. Bayan wannan an sake taso da maganar soke kason sau biyu, don duk lokacin da sabon mutum ya hau kujera a can, sai ya tambayi amfanin ƙananan ayyukan nan. Ku ma za a tambaye ku. Kar ku jira takarda ta zo kafin ku fara neman shaida. Ku auna katanga kafin aiki, ku auna bayan aiki, ku riƙa zuwa taron komite ko babu abin da za ku kai musu. Aikin yana ciyar da mutum daidai gwargwado, ni dai na aurar da 'ya'ya da shi, kuma babu unguwar da zan shiga a garin nan in rasa inuwar zama.

Makon jiya na bi ta bayan mayanka bayan ruwa. Alhaji Garba ya rasu, Goggo Ladi ma haka, yawancin fuskokin ban san su ba. Hannu ya saba, sai na tsuguna na ɗaga murfi ɗaya don in ga ko yashi ya taru a ciki. Wata matashiya da ke suyar ƙosai a gefe ta ajiye matsami ta taso.

"Baba, wa ya ba ka izini?"

Na ce dubawa kawai nake yi.

"Ba a buɗewa sai komite ya sani. Lambatun nan namu ne, iyayenmu ne suka haƙa shi. In daga meri kake, sai ka fara ganin shugaba."

Cikin lambatun fes yake, ruwa yana wucewa. Na mayar da murfin yadda na same shi, na ba ta haƙuri, na tambaye ta gidan shugaban. Ta nuna mini lungu na biyu a hannun dama, ta tsaya tana kallona har sai da ta ga na shiga.